Kunnen Hagu

Gab da magariba Mai Sauti ya hau saman benen da ake kiɗa, don ya gwada na'urori kafin baƙi su cika. Unguwar shaƙatawa ce ta babban birni. A ƙasa fitilu sun fara kamawa, ƙamshin gasasshen nama da hayaƙin janareta suna hawowa. Kujeru na kife kan tebura, babu kowa sai shi.

Tsayuwa kusa da lasifika ta daɗe da cinye masa kunnen hagu. Matarsa, mawaƙiyar wurin, takan ja kunnen ta ce, "Wannan ai na ado ne," sannan ta zagaya dama ta yi maganarta. Ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya. Tun ranar ya manne maɓallin makirfonta da salatif a inda ta bar shi, kuma wanda ya taɓa ya ga ɓacin ransa. Kewarta na cinsa, bai gaya wa kowa ba.

Yana ɗora abin sauraro a kai, koriyar fitilar layinta ta motsa. Alhali makirfon na cikin akwati.

Ƙwas. Ƙwas. Yadda take ƙwanƙwasa shi da farce.

"Maigida," aka ce a hankali, "kana ji na?"

Ƙamshin turarenta ya rufe hayaƙin. 

"Ina ji," ya ce, hawaye na zuba.

"Ka yi nisa. Matso."

Ya miƙe. Ya wuce tebura. Ya wuce dandamali. Hayaniyar titi ta ɗauke ɗif.

"Saura kaɗan."

Wayar abin sauraron ta ƙare, ta fizge shi daga kansa. Ya tsaya cak. Ƙafarsa ɗaya na kan ƙarfen bakin bene, motoci can ƙasa kamar ƙwari.

"Taho mana," muryar ta ce.

Babu komai a kansa yanzu. Kuma a kunnen hagu take magana.

Matarsa ba ta taɓa yi masa magana ta nan ba.

Wani numfashi mai sanyi ya taɓa wuyansa. Ya tuna 'yarsa na gida tana jira ya kira ta. Ya faɗi da baya yana salati, ya rarrafa har matakala. Can maigadi ya tsince shi.

Bai sake hawa benen ba. Gyaran rediyo yake yi a ƙofar gida. Kullum rana ta yi ja, sai ya cusa auduga a kunnen hagu.

"Baba, wanda ba ya ji kake toshewa?" 'yarsa ta tambaya tana dariya.

"Shi ne mai ji, uwata."

Ya san ba matarsa ba ce. Amma muryar tata ce, babu inda ta rage. Shi ya sa wani maraicen sai yarinyar ta ga audugar a hannunsa, ya karkata kai yana sauraro, ta zo da kanta ta karɓa ta toshe masa.