Manomin da Ya Lulluɓe Gansakuka da Bargo

A wani gari mai sanyi, can bisa tsauni, an yi wani manomi mai noman gansakuka a ɗan kududdufi. Daga jikinta ake tatsar man magani mai tsada.

Wata tsohuwa ta ce masa, "Ɗana, sanyi ba ya damunta. Bar ta ta sha rana."

Ya ce, "Iya, ni ƙato ma ina rawar ɗari, balle ita!"

Ya lulluɓe kududdufin da bargonsa. Washegari ya ƙara da na matarsa. Da ta yi magana, ya ce, "Ni ƙato ma ina rawar ɗari, balle ita!"

Bayan mako ya yaye bargunan. Gansakuka ta mutu, barguna sun jiƙe sharkaf.

Matar ta ce, "To Maigida, ita dai ta huta da sanyi. Saura mu."