Hoton Ƙuri'a

"Hoton ƙuri'a?! Baba, shi ne sadakina yanzu?"

Auta ta dire farantin shayi har kofuna suka yi ƙara. Mai askin da take so yana durƙushe a ƙofar falo, kansa a ƙasa.

"Rufe min baki!" in ji Baba. "Na ce ya ɗauko min hoton abin da ya dangwala jiya, ya ƙi. To ba na bai wa maƙiyin jam'iyyata 'ya!"

Duk aikin ɗan baffanta ne, wanda ake kira Ciyaman, ga shi can yana kaɗa makullin mota. Ita yake so, shi ya sa ya kawo gulmar wai shagon askin matattarar 'yan adawa ne. Haushi kamar ya kashe Auta. Unguwar da kowa ke aski a kujera ɗaya, yau ko gaisuwar mutuwa sai an tambayi jam'iyyar mamaci!

"Ku yi haƙuri, Baba," mai askin ya ce. "Kan kowa nake askewa. Ƙuri'ata kuma tsakanina da Allah ce."

"Ka ji ko, Baffa?" Ciyaman ya ƙyalƙyale. "Nasu ne!"

Mai askin ya miƙe, idanunsa jajur, ya dubi Auta.

"Zuciyata... ki yafe min..."

"Ba inda za ka!" in ji Auta.

Baba ya daki hannun kujera. "Gidan nan ba a taɓa zaɓen waɗancan ba, ba kuma za a fara ba!"

"An fara, Baba." Ta ɗaga yatsanta mai tawada. "Su na dangwala wa. Ba wanda ya nemi hoton tawa, don kun ɗauka yatsan nan ma naku ne!"

"Fice min daga gida!"

"To bari in ɗauko mayafina, mu tafi tare."

Mama ce a ƙofar kicin, tana goge hannu.

"Tun kafin a haifi Auta ban taɓa zaɓen mutanenka ba, maigida. Ka taɓa jin abincina ya canza ɗanɗano?"

Ciyaman kuwa tuni ya tuna yana da taro.

Har yau Baba bai huce ba. Amma da safiyar ɗaurin aurenta da mai askin, Auta ta hango shi ta taga ya shiga shagon, ya jira wani ɗan adawa ya tashi, ya zauna a kujerar.

"Rage min gefe, surukina," ya ce, fuska a murtuke. "Kuma kada in ji siyasa."