Ranar Da Bangon Inji Ya Narke

Ranar da ya fara shigowa ɗakin sarrafa inji, ko gaisuwa babu ya tsaya a kanta.

"Malama, a ƙara min wuta."

Ta ɗago ta kalle shi. "Malam, a gidanku ba a sallama?"

Ya yi dariya, ita ma ta yi. Shi ke nan fa, an gama da ita.

Injin nasu ƙaton zobe ne da ke tsare wata iska mai azabar zafi da ƙarfin maganaɗisu, da fatan wata rana a samu lantarki daga gare ta. Matsalar a gefe take: in wuta ta yi yawa, sai bakin iskar ya ɓalle ya watsa zafi a bango, kamar madara ta tafaso. Shi mai bincike ne, kullum ƙari yake nema. Ita ce mai ba da izini, sai ta ce to ake kunnawa. Sai ya laƙaba mata Birki.

"Birkina, kin hana ni wuta a wurin aiki, kin kunna min ita a zuci. Wannan adalci ne?"

Ta mayar masa: "Ka ci abinci tukuna, sarkin gaggawa."

Da labarin soyayyarsu ya kai gida, babanta bai so ba. "'Yata, ke kika gaya min dokar wurinku. Mai roƙo da mai ba da izini ba sa zama miji da mata, dole ɗaya ya tashi daga aikin. Kin tambaye shi wa zai tashi?"

Ba ta tambaya ba. Tsoron amsar take.

Sai ga ranar tsiya. Ta ba shi izini daidai ƙa'ida, amma gefen ya ɓalle da ƙarfin da ba a taɓa gani ba, bango ya narke, aka rufe inji wata da watanni. Mataimakinta, wanda ya taɓa nemanta ta ce a'a, ya bi ofis-ofis yana cewa soyayya ce ta sa hannu.

Bincike ya wanke ta tas, amma bakin mutane bai mutu ba.

Masoyin nata ya same ta a bakin matakala idonta jawur. "Birkina, mu yi aure kowa ya huta. Saura ƙiris in gano yadda za a lallaɓa gefen nan, ba zan iya bari yanzu ba. Kin gane ai?"

Ta gane sarai. Kuma wallahi tana son sa, abin da ya fi ci mata rai ke nan. Ta ajiye aiki, mataimakin ya haye kujerarta.

Aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun ango ya ce, "Allah ya yi muku albarka. Ka riƙe ta da kyau, ba ka san abin da ta ajiye ba."

Ranar da zai koma aiki ya tsaya a ƙofa yana fara'a. "Amarya, ki yi min addu'a. Sabon mai izinin ya ce yau duk wutar da nake so zai ba ni."

Ta gyara masa wuyan riga.

"Allah ya tsare," ta ce, "kai da bangon."