Aikin Auta da Sunan Wani

Auta ta tsaya turus a ƙofar ɗakin taro, idonta a kan allo. Lissafinta ne, layi bayan layi. Amma sunan da ke ƙasa na Injiniya ne, wanda saura wata biyu ya aure ta.

Shekara uku ta kwashe a kan aikin nan: yadda kwamfutoci dubu za su raba aikin nemo hanya mafi kusa a taswira mai mahaɗa miliyan, suna aika wa juna saƙo da haske maimakon waya. Shi kaɗai ta nuna wa. Ranar da Umma ta ce zaƙin bakinsa ya yi yawa, har kuka ta yi tana kare shi.

Yana hango ta ya taho ya ja ta gefe.

"Abar ƙaunata, tsaya ki ji..."

"Ina sunana?"

"Gurbin koyarwar da muke nema a jami'ar nan ɗaya ne, kin sani. In na samu, ai mu biyu muka samu."

"Tambayarka na yi, ina sunana?"

Nan take aka kira shi gaba.

Ya yi bayani tiryan-tiryan, har da barkwancin da ita ta koya masa. Sai Farfesa, shugaban sashen, ya cire tabarau.

"In kwamfuta biyu suka harba haske a layi ɗaya lokaci guda, wacce za ta jira?"

Injiniya ya dubi allon. Ya juyo yana kallonta, irin kallon da kullum yake kashe mata jiki.

Ta miƙe, ta karɓi alli daga hannunsa.

"Babu mai jira, ranka ya daɗe. Kowacce da launin haskenta."

Ta cika allon da lissafi.

"'Yata, aikin wane ne wannan?" in ji Farfesa.

"Nawa ne."

A bakin bene Injiniya ya tare ta, idonsa jawur.

"Kin gama da ni. Da kin rufa min asiri..."

"Da ka roƙe ni, wallahi da na sa sunanka kusa da nawa."

Ta zare zoben baikonsu ta ajiye masa a tafin hannu.

Bayan mako guda takardar ɗaukar aiki ta iso mata. Da murna ta ciro waya, sai da ta fara ƙara ta lura lambar Injiniya ce ta danna. Ta kashe, ta zauna a kan matakala, ta kifa kai a gwiwa.