Ƙwallon da Ya Tsere Daga Murhu

Ƙwallon ya fashe fas, ya yi tsalle daga bakin murhu ya faɗa gindin kujerar Mama, ya bar ɗan'uwansa yana ƙonewa shi kaɗai.

Kowa a ɗakin ya tuntsire da dariya, ban da Ishbel, 'yar Mama.

Daren Halowin ne, daren da matattu ke leƙo gidajen tsibirinmu. A irin wannan dare 'yammata kan jera ƙwallon itacen hezil biyu a wuta, ɗaya da sunan budurwa, ɗaya da na saurayi. In sun ƙone tare a natse, aure ya tabbata. In ɗaya ya tsere, mai sunan maci amana ne. Wanda ya tsere ɗin na Torquil ne, saurayin Ishbel, wanda ya shekara biyu yana gadin hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kan wani dutse can tsakiyar teku.

"To ga wuta ma ta faɗa miki, 'yar nan," in ji Mama. "Dama mai jan gashi..."

Kirsteen 'yar maƙwabta, wadda ta raba ƙwallayen daga aljihunta, ta rungume Ishbel tana ba ta haƙuri har da matse ƙwalla.

Ishbel ta ce ita ba ta yarda da camfin banza ba. Amma jirgin da ke kai wa masu gadi abinci ya tafi sau biyu babu wasiƙarta a ciki. Wasiƙun Torquil kuwa ta tura su ƙarƙashin agogo ba ta buɗe ba. Ƙawarta Senga, da ta yi aure can birnin Halifas, ita Ishbel ta rubuta wa.

"Ki ji mini cin fuska, ƙawata. Shekara biyu ina saƙa masa safa, ashe har itace ya san zai yaudare ni, ni kaɗai ce ban sani ba."

Amsar ta iso saura kwana biyu sabuwar shekara.

"Ke dai har yanzu ba ki yi wayo ba. Wa ya raba ƙwallayen? Ni da Kirsteen muka koya wurin kakarta: wanda ya kwana a ruwa dole ya fashe, wanda aka huda da allura kuwa ko na Shaiɗan ne ba zai motsa ba. Yaya kike tsammani na samu mijina?"

Ishbel ta tare Kirsteen a bakin rijiya. Abin da ta faɗa mata har masu gyaran koma a bakin teku sun ji, Kirsteen kuwa ta bar bokitinta a wurin. Daga nan Ishbel ta dawo ta buɗe wasiƙun. A ta ƙarshen Torquil ya ce zai zo ran sabuwar shekara ya ji laifinsa daga bakinta. In an hana shi shiga, zai koma dutsensa, ba zai sake damun kowa ba.

Ga shi kuwa a wurinmu, namijin da ya fara taka ƙofa a sabuwar shekara shi ke ɗauke da sa'ar gidan. Mai baƙin gashi alheri ne, mai ja kuwa tsiya.

Ran sabuwar shekara da safe ana ruwa aka ƙwanƙwasa. Mama ta buɗe kaɗan ta tokare ƙofar da ƙafa. Torquil ne, riƙe da dunƙulen gawayi kamar yadda aka saba, ya shafe gashin kansa kaf da baƙin tukunya, ruwan sama na gangaro da shi layi-layi a fuskarsa.

"Ina kwana, Mama. Ishbel tawa... na zo."

Mama ta ce ko da kwalta ya shafa ta san abin da ke ƙasa, ba zai tako mata gida ba.

Ishbel ta fizgi mayafinta.

"Kun yarda da ƙwallo, kun yarda da gashi, har ni na biye muku. Mutumin da ya keto teku kuwa ba mai yarda da shi. In ba zai shigo ba, ni zan fita."

Kowa ya san gidan da aka fitar da wani abu daga cikinsa kafin a shigo da wani, asara zai yi ta yi har shekara ta zagayo. Balle a ce 'ya ce ta fita.

Mama ta dubi 'yarta. Ta daɗe tana duban kan Torquil, inda jan ya fara leƙowa ta bayan kunne.

"Ni dai baƙi nake gani," ta ce, ta janye ƙafarta. "Shigo maza, ɗan nan, kafin ruwa ya gama wanke ka."