Sigar da Ta Fita Ran Juma'a

Ƙarfe goma na safiyar Litinin Alhaji Rabiou ya faɗo komisariyar Owendo, wato ofishin 'yan sanda, gumi sharkaf. Shi ne mai wani ƙaramin kamfani da ke rubuta laburaren manhaja, wato kayan aikin da sauran manhajoji ke ɗauka su dogara da shi. Da nasa 'yan tiransit ke cika takardun lodin katako a tashar jiragen ruwa.

"Insifekta, an kashe ni! Sabuwar sigar da ta fita ran Juma'a ta goge takardun kamfanoni goma sha ɗaya. A kama ma'aikaciyata Najiba, injinta ne!"

Insifekta Abdulgani Bahaushen Gabon ne, shekara ashirin da biyu yana aiki, kuma ya tsani a zaɓa masa mai laifi. Ya ɗauki hularsa.

A biro, wato ofishin kamfanin, ya tarar da Najiba, 'yar Damagaram, idanunta jajur. In aka kore ta, katin zamanta ya mutu ke nan, sai a tisa ƙeyarta gida.

"Mushe Insifekta, injin nan, wato tsarin da na kafa, ba ya fitar da siga sai ya yi mata gwaji ɗari uku," in ji ta. "Ɗaya ya faɗi, ya tsaya cak. Kuma kowace fitarwa tana barin rahoto. Ta Juma'a ba ta da shi."

"Ma'ana?"

"Da hannu aka tura ta, da mabuɗin sirri."

"Wa ke da mabuɗin?"

"Alhaji. Da can kuma Malam Taufiƙ, kafin injin ya karɓi aikin."

Alhaji ya rantse ya soke tsohon mabuɗin. Abdulgani ya zuba masa ido kawai, har ya fara sosa ƙeya.

"To, na dai ce zan soke. Nauyin Malam Taufiƙ nake ji."

Malam Taufiƙ yana can kusa da taga, dattijo tsaf da shi. Shekara tara duk sigar da ta fita, daga hannunsa ta fita, kowa shi yake bugo wa waya. Abdulgani ya tambaye shi inda yake ran Juma'a.

"Ni? Daga masallacin Awendjé gida na wuce. Wallahi ba wanda ya kai ni murna da injin ɗiyar nan."

Kai! Abdulgani ya san irin wannan murnar. Irinta ya yi bara, ranar da aka ɗora masa wanda ya koya wa aiki a matsayin kwamishina. Hassada ce zalla, har yau tana cin sa.

Bai san komai a harkar manhaja ba, amma ya iya karanta takarda. Ya sa aka buga masa bayanin da ke raka kowace siga, tsofaffi da sababbi. Na injin jerin gyare-gyare ne kawai, ba sallama. Ya jera sauran a gaban Taufiƙ, ya ɗora na Juma'a a sama.

"Malam, duk naka da bismillah suke farawa. Wannan ma haka. Injin ma yana yin bismillah ne?"

Taufiƙ ya daɗe yana kallon takardar.

"Hannuna ne ya rubuta, ban ma sani ba. Ban taɓa sakin siga ba tare da ita ba." Ya ture takardar gefe. "Alhaji ya tsaya gaban kowa ya ce a mako biyu Najiba ta raba mu da wahalar shekara tara. Ni ne wahalar, Insifekta! Tun ranar wayata ba ta ƙara yin ƙara ba. So na yi a ce injin ya ɓata, a dawo a roƙe ni."

"Ita kuma a kore ta daga ƙasar?"

Abdulgani ya kama hannun Taufiƙ, bai sa masa ankwa ba.

Sun zo wucewa ta teburin Najiba, Taufiƙ ya tsaya. Allon kwamfutarta ya yi kore, gyararriyar siga ta riga ta tafi.

"Har ta fita?"

"Minti huɗu, Baba."

"Ni wuni guda nake yi," ya ce a hankali, sannan ya bi insifekta zuwa mota.