Kunnen Malam Tamanaha

"Wata uku, Chinatsu! Wata uku cur ina jiran ki buɗe baki ki yi wa Baffanki magana!"

Chinatsu ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakarta. A bakin katangar teku ta Itoman suke tsaye, daidai lokacin da jiragen masunta ke dawowa da hantsi.

"Seiya, ka yi haƙuri..."

"Haƙurin nake ci, shi nake sha. Ko dai ba kya sona ne?"

"Haba masoyina! Ka fi kowa sanin ba haka ba ne."

"To mene ne?"

"Allon Baba ne..." Hawaye suka cika mata ido.

Seiya ya san zancen sarai. Allon da aka rubuta sunan mahaifinta a kai, tun da teku ta haɗiye shi tana 'yar shekara goma, yana ɗakin mahaifiyarta. Kullum da safe Anma, wato mahaifiyar tata, sai ta zuba masa shayi, ta kunna turare, ta ba shi labarin gari kamar yana zaune. Amma allon magabata namiji ne ke gadonsa, Chinatsu kuwa ita kaɗai aka haifa. Baffa Seitoku, yayan mahaifinta, ya riga ya yanke hukunci: ranar da ta yi aure, ranar za a kai allon gidan ɗansa a Osaka. Gaba kura, baya sayaki. In ta auri Seiya ta raba uwarta da mijinta karo na biyu.

"Ki roƙe shi ya bar wa Anma allon, shi ke nan fa," in ji Seiya, muryarsa ta yi sanyi. "Likita ya ce Kaka ba zai ga damina ba. Jiya ma sai da ya tambaye ni, wai yaushe 'yar ƙidayarsa za ta zama 'yar gida."

Nan kukan ya ƙwace mata.

Kakan Seiya, Malam Tamanaha, shi ne ya koya mata karate. Bayan rasuwar mahaifinta Chinatsu ta zama kamar kurma. A makaranta in aka kira sunanta sai jikinta ya hau rawa, ko biredi aka aike ta saye sai dai ta nuna da yatsa. Da abin ya ishi Anma, sai ta ja hannunta zuwa tsakar gidan tsohon, inda yake horar da yaran unguwa a ƙarƙashin wata bishiya.

Tsohon bai ce ta yi ihu ba, bai ce ta daki kowa ba. Kallonta ya yi sama da ƙasa, ya ce, "Yawwa, na samu mai ƙidaya. Ke za ki riƙa ƙirga mana naushi. Sai dai fa kunnena ya mutu, sai kin ɗaga murya."

Ya tafi can ƙarshen tsakar gida ya tsaya, ya kafa hannu a bayan kunne.

"Ɗaya..." ta ce, ko ita kanta da ƙyar ta ji.

"Ban ji ba!"

"Ɗaya."

"Sauro ne ya wuce? Ban ji ba, Chinatsu!"

Yara ashirin na tsaye da dunƙulallen hannu, ba mai motsi sai ta ƙirga. Ranar da kuka ta koma gida. Washegari ta dawo. Duk wata sai tsohon ya ƙara taku ɗaya baya, har ya kai ga tsayawa a kan titi, maƙwabta na yi masa dariya. Kafin shekara biyu, in Chinatsu ta ce "Ɗaya!" har tsuntsayen kan bishiya sai sun tashi.

Sai dai muryar nan a tsakar gidan Malam take zaune. A gaban Baffa Seitoku, mai gira kamar hadari, Chinatsu ta shekara ashirin da uku ba ta da maraba da ta shekara goma.

Ana gobe ranar ziyarar kabarin dangi ta je duba Malam a asibiti. Ya rame ƙwarai, hannayen nan masu kanta sun zama kamar busasshen kara. Idonsa a rufe. Ta zauna gefen gado ta riƙe yatsunsa, ganin barci yake, ga kuma kunne babu, sai ta yi raɗa abinta.

"Malam, tsoro nake ji. Ina son jikanka kamar raina, amma ba zan iya ba..."

"Ban ji ba," tsohon ya ce, ko ido bai buɗe ba.

Ta zabura. "Malam! Ba barci kake ba?"

"Wa zai yi barci ana masa ruwan hawaye a hannu? Ke, saurara. Na taɓa koya miki daina jin tsoro?"

"A'a."

"To ni ma ban iya ba. Ƙidaya na koya miki. Mutum ya tsaya da ƙafafunsa, ya ja numfashi daga ciki, ya faɗi ta farko. Ta biyu ita ke kawo kanta." Ya yi tari mai tsawo. "Je ki. In kin gama ki zo ki ba ni labari... da ƙarfi fa, kin san halin kunnena."

Ta yi dariya cikin kuka, ta gyara masa bargo.

Washegari dangi suka hallara a farfajiyar kabarin, wanda aka gina kamar ɗan ɗaki mai ƙofa. Aka share ciyawa, aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe akwatunan soyayyar awara da kifi da curin shinkafa. Bayan an kunna turare an gaida magabata, aka zauna ci, yara na guje-guje. Baffa Seitoku na zaune a tsakiya, kowa na kaffa-kaffa da shi.

Chinatsu ta kalli mahaifiyarta. Anma na zuba wa mutane shayi da murmushin nan nata na wadda ta saba haɗiye magana. Tausayi ya kama Chinatsu. Ta matsa ta durƙusa.

"Baffa... ina da magana..."

Baffa na tauna, ya ɗan karkato kai. "Me kika ce? Ban ji ba."

Kalmomin nan uku suka ratsa ta tun daga kai har tafin ƙafa. Ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Ta kafa ƙafafunta, ta ja numfashi daga ciki.

"Baffa, zan auri Seiya Tamanaha!"

Wata gwaggo ta saki tsinken cin abincinta.

"Kuma ina roƙonka, kada a ɗauke allon Baba daga ɗakin Anma muddin tana numfashi! Shekara goma sha uku tana ba shi shayi, ko rana ɗaya ba ta tsallake ba. Wa zai san yadda yake son shayinsa a Osaka? Ba gado nake nema ba, Baffa. Bayan ranta ku kai shi inda al'ada ta ce. Amma yanzu... ku bar mata mijinta!"

Ba ta zauna ba. Anma ta rufe fuska da hannu biyu.

Baffa ya daɗe yana kallon ƙofar kabarin. Da ya juyo, idonsa ya kaɗa.

"Muryar ƙanena ke nan," ya ce a hankali. "Haka yake kirana daga jirginsa, duk tashar ta ji. Ashe kina da ita kika ɓoye mana?" Ya share ido da bayan hannu. "A bar allon inda yake. Ki ce yaron ya turo manyansa."

Ko takalmi ba ta ɗaura daidai ba ta kama hanyar asibiti, tana ta maimaita yadda za ta ba da labarin. A bakin ƙofar ɗakin ta tarar da Seiya zaune a ƙasa, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ɗago, ta ga fuskarsa, ba ta buƙaci tambaya ba.

"Tun da azahar," ya ce. "Cikin barci."

"Wayyo Seiya... na faɗa! Na faɗa wa Baffa, ya yarda! Na zo in gaya masa ne... ya ce in zo in gaya masa da ƙarfi!"

Ya riƙe hannayenta, su biyun suna kuka.

"Rabin raina, akwai abin da ya hana mu gaya miki. Kunnen Kaka lafiyarsa ƙalau. Mutumin da ke jin tafiyar kyanwa a kan rufi! Ranar da aka kawo ki ya tara mu ya ce duk wanda ya tona, ya bar masa gida."

Sai a lokacin ta tuna raɗar da ta yi jiya a gefen gadonsa. Ta zame ta zauna a ƙasa, kukan da ta yi har ma'aikatan jinya sai da suka leƙo.

Ranar da za a fita da shi, ɗalibansa tsofaffi da yara suka cika tsakar gidan cikin fararen kaya, don su yi masa atisayen ban kwana. Suka jeru, suka dunƙule hannu, sai kuma aka yi cirko-cirko. Babu wanda ya iya fara ƙidaya.

An ajiye akwatin gawarsa can bakin titi, daidai inda yake tsayawa. Seiya ya dubi Chinatsu. Ta share fuska da hannun rigarta, ta taka zuwa gaba, ta kafa ƙafafunta.

"Ɗaya!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan bishiya. Ta ɗan dakata, kamar yadda ta saba tun tana yarinya, tana jiran a ce mata ba a ji ba.

Babu wanda ya ce.

"Biyu!" ta ce, hawaye na sauka har haɓarta.